Lamba 2,147,483,647 da Abin da Girmanta Ba Ya Faɗa

Idan aka rubuta wa mutum 2,147,483,647 a takarda, abin da zai fara yi shi ne ya ƙirga gurabenta ya ga goma ne, sannan ya karanta: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai. Daga nan yawancinmu mun gama da ita, domin mun saba auna lamba da yawan abin da take ƙirgawa, kuɗi ne ko jama'a ko buhunan hatsi. Malaman lissafi kuwa daga nan suke farawa. Su abin da suke tambaya shi ne me ke raba ta, yaya aka gina ta, kuma wane dangi take ciki. Ra'ayin da wannan sharhi ke karewa shi ne cewa tambayar tasu ce mai nauyi. Girman lamba shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a sani game da ita, kuma aikin rarraba lambobi gida-gida, wanda wasu ke ɗauka shagalin marasa aikin yi ne, ilimi ne mai hujja wanda ke da sakamako a duniyar da muke ciki. Wannan lamba ta dace da gwajin ra'ayin, saboda an shafe ƙarnoni ana jayayya a kanta, kuma yau tana zaune cikin na'urorin da ke hannun kowa.

A fara da jera ta tare da maƙwabtanta biyu, ta ƙasa da ta sama. Lambar da ke gabanta, 2,147,483,646, cika ce, kuma tana warwarewa zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Idan aka bi duk hanyoyin da za a haɗa waɗannan, za a sami lambobi 192 da ke raba ta ba saura. Lambar da ke bayanta, 2,147,483,648, ba ta da komai a cikinta sai 2, wadda aka jera sau 31 aka ninka, don haka masu raba ta 32 ne kacal: 1, 2, 4, 8, 16, a yi ta ruɓanyawa har a iso kanta. Ta tsakiya kuwa, wadda muke magana a kanta, babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobi za mu kira su gagara-rabo, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. To ga lambobi uku a jere, tazarar ɗaya-ɗaya ce tsakaninsu, a ma'aunin girma kusan abu guda ne, amma ɗaya tana da masu raba ta 192, ɗaya biyu, ɗaya 32. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya san girmansu kaɗai bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma babu yadda za a yi ya hango shi daga girman.

Maƙwabciyar ta sama ita ce ta tona asirin ginin lambar tamu: 2³¹ − 1 ce, wato a jera 2 sau 31 a ninka, a cire ɗaya. Lambobi masu wannan siffa ana danganta su ga Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya yi nazarinsu a ƙarni na 17. Dangin yana da ƙa'ida mai sauƙin gani. Idan adadin biyun da aka jera yana rabuwa, to lambar ma dole ta rabu: 2⁶ − 1 ita ce 63, kuma da yake 2 da 3 suna raba 6, sai ga 3 da 7, wato 2² − 1 da 2³ − 1, suna raba 63. Saboda haka ba a ma sa ran gagara-rabo sai idan adadin shi kansa gagara-rabo ne. Sai dai wannan sharaɗi bai wadatar ba. Adadin 2, 3, 5 da 7 suna ba da 3, 7, 31 da 127, duk gagara-rabo, har mutum ya fara zaton doka ce. Da an zo 11 sai zaton ya rushe, domin 2,047 ita ce 23 × 89. Wannan ya sa sanin cewa 31 gagara-rabo ce bai isa a yanke wa 2³¹ − 1 hukunci ba. Tana da ƙarin wani matsayi ma: 31 ɗin kanta 2⁵ − 1 ce, don haka lambar tamu 'yar Mersenne ce hawa biyu, kuma gagara-rabo masu irin wannan hawa biyun da aka sani huɗu ne kawai: 7, 127, ita, da 2¹²⁷ − 1.

Tarihin yadda aka tabbatar da matsayinta shi ne hujja ta farko cewa rarraba lambobi ba laƙabi ba ne da ake mannawa yadda aka ga dama. A 1588 Pietro Cataldi na Italiya ya nuna cewa 131,071 da 524,287, wato masu adadi 17 da 19, gagara-rabo ne, ta hanyar gwada su da duk abin da zai iya raba su. Amma ya zarce ya ce haka abin yake ga adadi 23, 29, 31 da 37, ba tare da ya gwada ba. A 1640 Pierre de Fermat ya nuna 47 tana raba mai adadi 23, kuma 223 tana raba mai adadi 37. Daga baya Leonhard Euler ya nuna 233 tana raba mai adadi 29. Cikin huɗun da Cataldi ya yi hasashe, 31 kaɗai ta tsira. Mersenne kansa ya fitar da jerinsa a 1644, ya sa masu adadi 67 da 257 waɗanda daga baya aka gano suna rabuwa, ya kuma tsallake masu adadi 61, 89 da 107 waɗanda ba sa rabuwa. Waɗannan mutane ba ƙananan masana ba ne, amma hasashensu ya ci karo da gaskiyar da ba ta duba sunan kowa. Cataldi da Mersenne duka sun ce 2³¹ − 1 gagara-rabo ce, kuma sun dace, sai dai dacewa daban take da sani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwajin ya zo ne a 1772 daga hannun Euler, ɗan Suwizalan da ke zaune a birnin Saint Petersburg na Rasha, a lokacin da idanunsa suka kusan mutuwa gaba ɗaya. Yadda ya yi ya cancanci a tsaya a duba. Duk lambar da ke rabuwa tana da mai raba ta wanda in an ninka shi da kansa bai wuce ta ba, kuma 46,341 × 46,341 ya riga ya haura lambar tamu, don haka bincike ya tsaya a 46,340. Ko a haka akwai gagara-rabo 4,792 da za a gwada, aikin da zai cinye watanni da alƙalami. Fermat ya riga ya nuna cewa duk mai raba irin wannan lamba dole ya zama ninkin adadin sau biyu da ƙarin ɗaya, kamar yadda 23 da 89 suke 22 + 1 da 88 + 1 a misalin 2,047. A nan ke nan dole ya zama ninkin 62 da ƙarin ɗaya. Euler ya ƙara wani sharaɗi, cewa in an raba shi da 8 saurar ta zama 1 ko 7. Haɗuwar sharuɗɗan biyu ta bar siffa biyu kawai: ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Waɗanda za a gwada suka dawo ƙasa da 400, kuma mafi yawansu ma suna faɗuwa tun kafin gwaji. Na farko 63 ce, tana rabuwa, a wuce. Sai 249, ita ma 3 × 83 ce. Sai 311, wadda gagara-rabo ce, dole a gwada ta: tana shiga sau 6,905,092, saura 35. Haka aka bi har ƙarshe, babu wadda ta shiga ba saura. Abin lura a nan shi ne sanin dangin lambar ne ya rage aikin daga dubbai zuwa abin da mutum ɗaya zai iya. Ta ci gaba da zama gagara-rabo mafi girma da aka tabbatar har kusan ƙarni guda.

Wannan hukunci ya haifi wani nan take. Tun zamanin Girkawa ake kiran lamba kammalalliya idan jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita: 6 ita ce 1 + 2 + 3, kuma 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Euclid na Iskandariyya ya tabbatar, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa duk lokacin da aka sami gagara-rabo mai siffar da muke magana, in aka ninka ta da rabin lambar da ke bayanta, za a sami kammalalliya. Haka 7 × 4 ke ba da 28, kuma 31 × 16 ke ba da 496. Wannan fanni ya ratsa ta hannun malaman Bagadaza, inda Thabit ibn Qurra a ƙarni na 9 ya fassara littafin Nicomachus kan lambobi zuwa Larabci. Euler ne ya rufe ɗaya ɓangaren, ya nuna cewa duk kammalalliyar da take cika dole ta fito ta hanyar Euclid. Saboda haka tabbatar da lambar tamu ya ba da kammalalliya ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128, mai gurbi 19. Babu wanda ya zauna ya tara masu raba ta ɗaya bayan ɗaya kafin a yarda. Hujjar da aka kafa kusan shekara dubu biyu kafin Euler ita ta ɗauki nauyin.

Suka ta farko da za a yi wa duk wannan ita ce kowace lamba za a iya samo mata wani abin faɗa in an matsa, don haka jerin siffofi ba ya nuna komai. Akwai gaskiya a ciki, kuma ya kamata a karɓe ta. Siffofin lamba ba matsayinsu ɗaya ba. Cewa lambar tamu tana da gurbi goma, ko tana ƙarewa da 7, ko jimlar alƙalumanta 46 ce, duk sun rataya ne ga al'adarmu ta ƙirga goma-goma. A rubuta ta da tsarin biyu-biyu, wanda ba shi da alƙalami sai 0 da 1, za ta zama 1 guda 31 a jere, gurbi goma da 7 ɗin ƙarshe su ɓace. Amma akwai siffofin da ba ruwansu da yadda aka rubuta. Kasancewarta gagara-rabo na nan ko da wane tsari aka rubuta ta. Haka kuma in an raba ta da 8 saurar 7 ce, kuma daga wannan kaɗai ake sanin ba za a taɓa rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ko uku ba, wato lambobi irin 4, 9, 16 da 25 da ake samu in an ninka lamba da kanta. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa murabba'i huɗu sun ishi kowace lamba, don haka ita tana cikin masu buƙatar huɗun cif. Amsar sukar ke nan: a raba siffar da ke jikin lamba da wadda ke jikin rubutunta. Ta farko tana haifar da wasu hukunce-hukunce, ta biyun kuwa galibi a wurinta take tsayawa.

Suka ta biyu ta fi tsufa: to me amfaninsa? Peter Barlow, wani malamin lissafi na Ingila, ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya nemi kammalalliyar da ta wuce wannan, tun da a ganinsa irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marar amfani. Zamanin kwamfuta ya ba lambar wani aiki da bai yi tsammani ba. Na'ura tana ajiye lamba ne a gurabe masu ɗaukar 0 ko 1, kuma tsarin da ya yaɗu shekaru da yawa shi ne mai gurbi 32. Gurbi ɗaya yana nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. In duk sun cika da 1, an kai 2,147,483,647, kuma ƙarin ɗaya a kai yana juyar da lissafin zuwa can ƙasa da sifili, kamar agogon mota mai ƙirga tafiya da ya cika ya koma baya. Manhajar da ke ƙirga kuɗi da kwabo a irin wannan ma'aji ba za ta iya riƙe abin da ya haura naira 21,474,836.47 ba. A watan Disamban 2014 kamfanin YouTube ya bayyana cewa ya faɗaɗa ma'ajin ƙirga masu kallo saboda bidiyon Gangnam Style na mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ya kai wannan iyaka. Mafi girma daga cikin misalan shi ne na agogo. Na'urori masu bin tsarin Unix suna ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma sakan 2,147,483,647 shekara 68 ne da 'yan kwanaki. Za su cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar, kuma duk na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka an koma Disamban 1901.

Mai kaifin hankali zai ce a nan an yi masa wayo, kuma sukarsa ita ce mafi ƙarfi. Iyakar kwamfuta ta samo asali ne daga tsarin biyu-biyu da zaɓin gurbi 32, ba ruwanta da ko lambar tana rabuwa ko ba ta rabuwa. Wannan gaskiya ne, kuma ga shaida: maganin matsalar 2038 shi ne komawa gurbi 64, inda iyakar ta zama 2⁶³ − 1, wato 9,223,372,036,854,775,807, adadin sakan da ya kai kimanin shekara biliyan 292. Wannan sabuwar iyaka tana rabuwa, domin 3 da 7 suna raba 63, don haka 7 da 127 suna raba ta, kuma hakan bai rage mata komai a aikinta ba. Da a ce labarin ya tsaya nan, da hujjar Euler ba ta da hannu a amfanin lambar, sai dai siffarta ta Mersenne.

Amma bai tsaya nan ba. Akwai ayyukan da ke buƙatar siffofin biyu a lokaci guda. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a da gaske, alhali masu bincike kan yanayi da yaɗuwar cuta da zaɓen samfurin jama'a suna buƙatar jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a. Wata hanya da Derrick Lehmer ya kawo, wadda Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauka a matsayin ma'auni a 1988, ita ce a ɗauki lamba, a ninka ta da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saurar, a maimaita. In an fara da 1, za a sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, sai 984,943,658. Jerin zai ratsa kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 sau ɗaya tak kafin ya dawo mafari. Wannan cikakken zagaye ba ya yiwuwa sai abin rabawar ya zama gagara-rabo, kuma tabbatar da cewa 16,807 ta dace ya dogara ne ga sanin gagara-rabo bakwai ɗin nan da ke cikin maƙwabciyar ta ƙasa. Siffar Mersenne kuma ita ke sa rabawar ta yi sauƙi, domin na'ura tana samun saurar ta hanyar yanka lambar gida biyu ta tara, ba tare da doguwar rabawa ba. Dalilan nan biyu ne suka sa tsarin ɓoye saƙo na ZUC, wanda masanan ƙasar Sin suka ƙera aka kuma shigar cikin ƙa'idojin sadarwar 4G, yake yin wani sashe na lissafinsa a kan wannan lamba. A nan hukuncin 1772 ne ginshiƙin aikin.

Suka ta ƙarshe ita ce wayar hannu za ta tabbatar da abin da Euler ya tabbatar kafin a ƙifta ido, don haka dabararsa ta zama kayan tarihi. Ga lamba mai gurbi goma haka ne. Amma gwada masu rabawa ɗaya bayan ɗaya yana mutuwa da zarar lamba ta kai gurbi 'yan gommai, komai saurin na'ura. Abin da ya buɗe hanya shi ne ƙarin fahimtar dangin. Édouard Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1 mai gurbi 39 da hannu a 1876, da wata dabara da Lehmer ya kammala daga baya: a fara da 4, a ninka ta da kanta a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, a maimaita. Ga lambar 31, wato 2⁵ − 1, jerin shi ne 4, 14, 8, 0, kuma ƙarewa da sifili shi ne shaidar gagara-rabo. Lambar da Euler ya yi wa gwaje-gwaje masu yawa taki 29 kawai take buƙata ta wannan hanya. Da irin wannan gwaji ne aka tabbatar da 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, mai gurbi 41,024,320, wadda Luke Durant ya gano a watan Oktoban 2024 ƙarƙashin shirin sa-kai na GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996. Ita ce ta 52 da aka sani a dangin. Ƙarfin na'ura ya yi aikinsa, amma hujjar da ta san siffar lambar ce ta nuna masa inda zai bi.

Duk da haka kuskure ne a jingina darajar wannan ilimi ga amfaninsa kaɗai, domin wannan shi ne ma'aunin da ya ɓatar da Barlow. Tsakanin hujjar Euler da shigar lambar cikin kwamfuta akwai kusan shekara ɗari biyu, kuma da an ce sai abin da aka ga amfaninsa za a bincika, da ranar da buƙata ta zo ba a sami komai a ajiye ba. Har yau ba a tabbatar ko gagara-rabo na Mersenne suna da iyaka ba, kuma ba a sami kammalalliyar da take mara ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba, alhali ɗan firamare zai fahimci tambayar. Abin da ya dace a koya wa ɗalibi, a kuma ɗauka a matsayin mai karatu, shi ne a yi wa babbar lamba tambayoyi uku: me ke raba ta, wace siffa ce tata ta asali wadda ba ta rubutu ba, kuma wa ya tabbatar, ta wace hanya. Wanda ya saba da waɗannan tambayoyi ya koyi bambance abin da aka tabbatar da abin da aka yi zato, kuma zai buƙaci wannan bambanci a duk inda aka kawo masa alƙaluma aka ce ya yarda.